Kunne Kafin Na'ura: Nasiha Ga Samari Masu Ɗaukar Waƙa

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, waɗanda Allah Ya hore wa kwamfuta da makirufo da ɗan ɗaki a Kano ko Kaduna ko Jos ko Maraɗi, kuka kafa allo a ƙofa kuka ce kun buɗe situdiyo, ina roƙonku aron kunnuwa, domin sana'ar nan da kuka shiga, ko da yake wanda ya leƙo daga waje zai zaci danne-dannen maɓallai ce kurum, asalinta sana'ar sauraro ce, wanda kuwa bai iya haƙurin sauraren dattijo ba, da wuya ya iya haƙurin sauraren kalangu.

Abu na farko da ya wajaba ku tabbatar a zukatanku, tun kafin ku kunna kome, shi ne cewa Bahaushe magana yake bi a cikin waƙa, kiɗa kuwa rakiya yake yi mata. Ku nemi tsofaffin faya-fayan Narambaɗa, ko waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos irin waɗanda Rediyon Kaduna ya yi ta watsawa tun bayan kafa shi a 1962, za ku tarar da shuu ɗin tsohon kaset a cikinsu, wani wurin ma sautin ya dushe, amma duk da haka ba za ku rasa kalma guda ba, har yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 yana iya haddace su daga bakin rediyo. Sa'an nan ku saurari da yawa daga abin da ke fita daga ɗakunanku yau, inda na'ura ta ninka ta wancan zamani kyau ba adadi, ku ga yadda kiɗa ke danne mawaƙi har sai an yi ta tambayar me ya ce. Ashe ke nan illar ba daga ƙarancin kayan aiki take ba. Mawaƙan nan na Ingila da ake kira Beatles, a kan na'ura mai layi huɗu rak suka ɗauki shahararren faifansu na 1967 a situdiyon Abbey Road, alhali kuwa mafi ƙanƙantar manhajar da ke hannunku, FL Studio ce ko Cubase, tana ba ku layuka fiye da yadda za ku iya ƙirgawa.

Mu fara da ɗaki, gama shi ne abin da galibinku kuka fi rainawa, shi ne kuma makirufo ke ji tare da mawaƙi ko kun so ko kun ƙi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka muryar da ta fito daga baki, kafin ƙiftawar ido ta bugi bangon siminti da tayil da silin ta komo, ta shiga makirufo a bayan ta asali, su gauraya, shi ya sa ake jin wata waƙar kamar a cikin makewayi aka rera ta. A nan samari suka ɗauki wata al'ada wadda ba ta da tushe, wato manna kwalayen ƙwai a bango, ko siririn soso, su ce sun gyara ɗaki. Haƙiƙa waɗannan ba su shanye kome sai ɗan kaifin sama, ƙasan sauti kuwa, wanda shi ne mai ɓarna, ko a jikinsa. Dalili kuwa shi ne igiyar sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawonta ya haura mita uku, to, ina soso mai kaurin yatsa biyu zai tare abu mai wannan tsawo? Ɗakin da faɗinsa ya kai mita uku da rabi yakan kumbura sautin da ke wajen kaɗawa 50, idan kuma ɗakin murabba'i ne, tsawo da faɗi ɗaya, illar ta ninku, sai ka ji bes ya cika kusurwa, ka matsa tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. Maganin abin shi ne kauri: audugar gini irin wadda ake sa wa a rufi, a ɗaure ta cikin firam na katako mai kaurin tafin hannu ko fiye, a lulluɓe da yadi mai shan iska, a tsayar a kusurwoyi da gefen dama da hagun mazaunin mai aiki da kuma samansa. Wanda bai da halin wannan, to, ya jingina katifa mai kauri a bayan mawaƙi, ya rataya barguna nesa kaɗan da bango, ya shimfiɗa darduma. Na ce a bayan mawaƙi, domin makirufo gabansa yake ji, gabansa kuwa bangon da mawaƙi ya juya wa baya ne.

Ku kuma bambance tsakanin mas'aloli biyu da ake cakuɗawa, gyaran amon ɗaki da hana ƙarar waje shigowa. Soso ba ya hana kukan janareta ko hon ɗin mai Adaidaita Sahu shiga. Abin da ke hana su shi ne nauyin bango, da ƙofa mai kauri wadda aka toshe kafofinta, da nisanta janareta gwargwadon tsawon wayar da kuke da ita, a ɗora shi kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta biyo ƙasa. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki lokacin ɗauka, a haƙura da gumi na minti biyar. Idan kuwa kun ji wani gurnani mai ɗorewa a ƙarƙashin sauti, wanda ba ya hawa ba ya sauka, to, wutar lantarki ce, domin tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, sababinsa kuwa galibi rashin wayar ƙasa ne, ko an jona kayan a soket daban-daban, ko wayar makirufo ta kwanta a jikin wayar wuta. Ku jona kome a wuri guda, ku raba wayoyin, inda ya zama dole su haɗu su gitta juna kada su jeru. Mai aiki da kwamfutar cinya ya zare cajarta ya saurara, sau da yawa nan take gurnanin ke ɗaukewa.

Game da makirufo, na ga samari suna tara kuɗi wata da watanni don sayen babban nan mai laushin ji, wanda ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 daga akwatin sauti, suna zaton tsadarsa ita ce za ta gyara musu waƙa. Lalle yana da kyau, amma kyansa shi ne aibinsa a ɗakin da ba a gyara ba, gama ba ya ɓoye kome, har motsin ƙadangare a silin sai ya kawo. Makirufo irin na dandali, kamar Shure SM58 wanda ake ƙerawa tun 1966, ya fi shi sutura a irin ɗakunanmu, kuma kada wani ya ce ƙasƙanci ne, tun da da ɗan'uwansa SM7 injiniyan sauti Bruce Swedien ya ɗauki muryar Michael Jackson a yawancin faifan Thriller na 1982. Abin da ya fi sunan makirufo muhimmanci shi ne tazara. A bar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da shi, a sa rariyar yadi a tsakiya, a ɗan kauce da shi daga saitin baki zuwa gefe ko sama, don iskar da ke fita tare da haruffa irin su ba da fa kada ta doke shi. Ku sani cewa duk sa'ad da mawaƙi ya matso, ƙasan muryarsa na kumbura, duk kuma sa'ad da tazara ta ninka, ƙarfin sauti na raguwa da kimanin desibel 6, saboda haka mawaƙi mai rangaji yana gaba yana baya zai ba ku murya iri uku a baiti guda. Ku manna alama a ƙasa inda zai aje ƙafa, ku kuma koya masa ya ɗan ja da baya da kansa in zai ɗaga murya, kamar yadda tsofaffin mawaƙa ke yi ba tare da an gaya musu ba.

Sai ma'aunin shiga, wanda a cikinsa israfi ya yi yawa. Mutanen zamanin kaset suna cika ma'auni har ya taɓa ja, suna da uzuri, domin in ba su yi haka ba shuu ɗin kaset zai rinjayi waƙar. Ku kuwa ba ku da wannan uzuri, gama ɗauka a bit 24 tana ba ku fili mai faɗin gaske, fiye da desibel 96 na bit 16 ɗin faifan CD nesa ba kusa ba. A na'urar zamani sifiri shi ne iyaka, abin da ya haura shi an fille masa kai, babu kuma manhajar da za ta mayar da shi yadda Allah Ya halicce shi. Ku sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ku daidaita yadda tsakatsakin sautin zai zauna wajen desibel 18 ƙasa da sifiri, ƙololuwarsa kuma kada ta wuce 10 ƙasa da sifiri, sa'an nan ku cire hannu. In waƙar ta fim ce ko za a yi mata bidiyo, ku ɗauka a samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa, in ta sauraro ce kaɗai 44,100 ta wadatar. Abin ƙi shi ne a fara da wannan a ƙare da wancan.

Amma duk wannan ilmin ƙarfe ne, akwai kuma ilmin mutum, wanda ba a rubuta shi a littafin kowace na'ura ba. Mawaƙin da ya saba da taron biki, maroƙa na kirari, mata na guɗa, idan aka kulle shi a ɗaki shiru aka ɗaura masa abin ji a kunne, yakan zama kamar ba shi ba. Haƙƙinsa ne a kanku ku gyara masa abin da yake ji: in kiɗa ya yi masa yawa a kunne zai yi ta ihu, in muryarsa ta yi yawa zai noƙe, in kuma muryar tana iso masa a makare saboda nauyin da kuka ɗora wa kwamfuta, zai yi ta saɓa wa kiɗa ku ɗora masa laifi alhali naku ne. Kada ku tsayar da shi a tsakiyar baiti don ƙaramin kuskure, ku bari ya kai aya. Ku danna ɗauka tun a gwajin farko ba tare da sanarwa ba, domin sau da yawa wannan ne ke zuwa da rai, na goma kuwa sai gajiya. Ku aje masa ruwa wanda ba na sanyi ba, ku kuma sallami 'yan rakiya masu dariya da latsa waya. In kuwa dattijo ne, to, ba a ce masa ya yi kuskure. A ce, “Baba, a ƙara mana ɗaya saboda na'ura,” shi ma ya san abin da ake nufi, an kuma tsare masa girmansa. Sa'an nan ku kasa kunne ga lafazi kamar yadda malamin tajwidi ke kasa kunne ga mafitar haruffa, domin ɗa da ƙa da ɓa da tsa, in ba su fito daga baki ba, babu maɓallin da zai fito da su daga baya.

Na zo wurin da na fi so in daɗe, wato kayan kiɗanmu na gado, waɗanda tun da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano tare da finafinan Hausa aka yi musu riƙon sakainar kashi, har aka sami masu ɗaukar sauti da suka shekara goma a sana'a ba su taɓa kafa wa kalangu makirufo ba. Ba ina zargin fiyano ba ne, ya ciyar da gidaje da yawa. Amma kalangun da ke cikinsa hoton kalangu ne, bugu ɗaya da murya ɗaya, alhali na gaske magana yake yi, makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin na hawa yana sauka bisa karin harshe. Wanda zai ɗauke shi kada ya cusa makirufo a jikin fata, gama ba zai samu ba sai ƙwas ɗin makaɗi. Ya ja baya kamar kamu ɗaya ko fiye, ta gefen fatar da ake bugu, yadda motsin mai kiɗa ba zai fitar da shi daga saiti ba, kuma amon ya sami sararin da zai nuna. Ku tuna fata tana bin yanayi, takan saki da damina ta ɗaure da hunturu, saboda haka in makaɗi ya ce a dakata ya shanya gangarsa, ku dakata, ya fi ku sanin abinsa. Goge da kukuma suna da kaifi mai soke kunne in an matso su, musamman inda izga ke gogar izga, sai a nisanta kaɗan a kuma karkata daga saitin tsirkiya zuwa ƙoƙon. Kuntigi irin na Ɗan Maraya, da gurmi irin na Haruna Uji, muryarsu ƙarama ce, su ne ke bukatar kusanci da ɗaki mai shiru. Algaita da kakaki kuwa don fili aka yi su, ba don ɗaki ba, in ya yiwu a fita da su tsakar gida da dare a ɗauke su daga nesa. Kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge na son makirufo daga sama, ya haɗa ƙoren duka a matsayin abu guda.

Idan kun kafa makirufo biyu a kusa, ku kiyaye ƙa'idar nan ta uku bisa ɗaya, wato tazarar da ke tsakaninsu ta ninka tazarar kowanne da abin da yake ɗauka sau uku, in ba haka ba sauti ɗaya zai shiga su a lokuta mabambanta, in an haɗa su ya cinye kansa, ku ji ganga ta rame ba ku san dalili ba.

Haka kuma 'yan amshi. Al'adar da ta yaɗu yanzu ita ce a sa mutum ɗaya ya maimaita amshi sau huɗu a jera, ko kuwa, abin da ya fi muni, a ɗauka sau ɗaya a yi ta liƙawa daga farkon waƙa har ƙarshenta, sai amshi na ashirin ya zo daidai da na farko ba bambancin ko numfashi, kunne kuwa yana gane wannan ko mai shi bai iya faɗin abin da ya gundure shi ba. A ra'ayina, in ƙungiya ce da ta saba aiki tare, a tara su wuri guda su kewaye makirufo, mai babbar murya ya ja baya, mai ƙarama ya matso, su riƙa ganin ubangidansu, domin daɗin waƙar Hausa yana wurin karɓa, inda amshi ke shigowa tun jagora bai gama rufe baki ba. Kada ku tilasta wa irin waɗannan bin ƙyas-ƙyas ɗin agogon kwamfuta. Kiɗansu yakan ɗan ƙara sauri in waƙa ta yi zafi, wannan kuwa ba kuskure ba ne da za a gyara. Muryar wani za ta ɗan shiga makirufon wani, ku bar ta.

To, an gama ɗauka, sai haɗawa, a nan ne kuma ake bukatar mizani. Ku aje lasifikokinku biyu yadda su da kanku za ku zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, ƙananan bakunansu a saitin kunne. Sa'an nan ku rage ƙara. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka tabbatar da cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sautuka da adalci: ya fi jin abin da ke tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000, ƙasan sauti kuwa ba ya cika masa sai an ƙure ƙara, shi ya sa kowace waƙa take da daɗi in an ƙure ta, mai kyau da maras kyau. Wanda ya haɗa waƙa a ƙarar da zai iya hira da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba, in ta yi daɗi a haka, to, ko'ina za ta yi. Ga kuma maslahar lafiya, gama masana sun ƙayyade awa 8 ga mai zama cikin ƙarar desibel 85, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kacal. 'Yan gasun da ke cikin kunne kuwa in sun mutu ba su sake tsirowa. Ku riƙa tashi bayan kowace sa'a ku fita ku sha iska, kada kuma ku yanke wa waƙa hukunci a daren da kuka ɗauke ta.

Haɗa sauti kamar zaman fada ne, kowa da mazauninsa, ba a kuma yin sarki biyu: murya ce sarki, ganga waziri, saura fadawa, wanda duk ya ɗaga murya bisa ta sarki a fitar da shi ko da ya fi kowa ado. Saboda haka ku fara da ma'aunan ƙarfi kaɗai, ba tare da kun buɗe wata manhajar gyara ba, ku tsayar da murya, ku shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinta. Murya da bes da babbar ganga a tsakiya, 'yan amshi da ƙananan kaya a raba su dama da hagu. Rabin aikin ya ƙare a nan. In kun zo ga ikwalaiza, ragewa ta fi ƙarawa albarka: ku yanke abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 ko 100 a murya, tun da babu kome can sai gurnani da takun ƙafa, ku duba tsakanin 200 da 400, inda laka ke taruwa in kaya sun yi yawa, in kuma kalmomi ba su fita, kafin ku ƙara wa murya kaifi, ku rage wa fiyano da goge a wajen 2,000 zuwa 4,000, za ku ga murya ta fito da kanta. Amma kada ku yi wa kalangu yankan da kuke yi wa murya, domin maganarsa a ƙasa da tsakiya take. Kuma kada ku daɗe kuna gyaran abu shi kaɗai, gama ba wanda zai saurare shi shi kaɗai.

Na'urar matse sauti, wadda kuke kira kwamfuresa, amfaninta shi ne ta kusanto da ƙarfi da rauni don kada ƙarshen kalma ya nutse. Matsi na uku ko huɗu bisa ɗaya, wanda ke rage desibel 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi, ya ishi yawancin muryoyi. Abin da ya rage ku bi shi da hannu, baiti baiti, kuna ɗaga kalmar da ta faɗi, aiki ne mai cin rai amma shi ne bambancin gwani da ɗan koyo. Amsa-kuwwa kuma, wadda muka gada daga son waƙoƙin finafinan Indiya har muka wuce masu abin, ku sa ta har ku ji ta, sa'an nan ku rage har ku fara shakkar tana nan, ku kuma jinkirta shigowarta kaɗan bayan murya don harafin farko ya fita sarai kafin ta biyo.

Ba zan wuce Auto-Tune ban ce kome ba. Wani injiniya mai suna Andy Hildebrand, wanda a da lissafin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa yake yi, shi ya fito da ita a 1997 don gyaran ɗan kuskuren da ba a so a sake ɗauka saboda shi, sai waƙar mawaƙiya Cher ta 1998 ta ƙure ta har murya ta koma ta ƙarfe, duniya kuma ta bi. Ban ce haramun ce ba, ado ne, mai so ya yi. Sai dai ku san abu biyu. In ba ku gaya mata ainihin ma'aunin da aka gina kiɗan a kansa ba, za ta ja murya zuwa inda ba nan ba, ta ɓata abin da yake daidai. Na biyu kuma, ita galibi bisa matakala goma sha biyu na fiyanon Turawa ake saita ta, mawaƙinmu na gargajiya kuwa yakan tsaya tsakanin matakala biyu da gangan, yakan kuma zame daga wannan zuwa waccan bisa karin magana, in kuka ƙure mata sauri sai ta daddatse wannan zamiya, ta mai da muryar Zamfara da ta Damagaram da ta Zazzau abu guda. Wanda ya zo muku da kukuma ko gurmi, ku kashe ta.

Kafin ku ce an gama, ku tuna inda waƙar za ta. Ba a situdiyo za a ji ta ba. A wayar hannu za a ji ta, da ƙaramar rediyon mai shayi, da lasifikar motar haya, da ƙaton akwatin gidan biki, galibinsu kuwa baki ɗaya ne da su, ba dama ba hagu. Saboda haka ku haɗe sautin ya koma baki ɗaya ku saurara, in wani abu ya ɓace, ku koma ku nemo sababi. Wayar hannu ba ta fitar da ƙasan bes, in kiɗanku duka a can ya dogara, to, a waya ba za a ji kome ba sai tafi. Manyan situdiyoyin duniya sun daɗe suna aje ƙananan lasifikoki marasa daɗi, irin su Auratone da Yamaha NS-10, don wannan gwaji. Ku kuma ɗauko waƙar da kuka yarda da aikinta, ku daidaita ƙarfinta da taku, ku yi ta kwatantawa. Gwajin da na fi amincewa da shi kuwa shi ne a kira wanda bai taɓa jin waƙar ba, a sa masa ita a waya sau ɗaya, a ce ya maimaita abin da mawaƙi ya faɗa; duk kalmar da ya rasa, aikinku ne ya rage a wurin. Tseren ƙara kuma ku bar shi, domin Spotify da YouTube suna rage duk waƙar da ta haura ma'auninsu, wajen 14 ƙasa da sifiri a awon da ake kira LUFS, sai wanda ya matse waƙarsa har ta shaƙe ya tashi ba ƙarar ba numfashin. Ku bar desibel guda tsakanin ƙololuwa da sifiri.

Saura mas'alar amana. Waƙar da ke cikin kwamfutarku dukiyar wani ce, wataƙila ya sayar da akuya ko ya ci bashi kafin ya zo, saboda haka ba ya halatta ku tura wa aboki ita don ya ji daɗi kafin mai ita ya sake ta, ba ya kuma halatta ku ɗauki kiɗan da ya biya ku sayar wa wani. Ku rubuta sharaɗi tun farko, nawa ne, gyara sau nawa, kiɗa na wane ne, gama aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ku sa wa kowane aiki sunan mawaƙi da na waƙa da kwanan wata, ku aje shi wuri uku, ɗaya daga ciki ba a cikin situdiyon ba, tun da wutarmu ba ta sallama in za ta ɗauke, ba ta kuma sallama in za ta dawo da ƙarfin da zai ƙone faifan ajiya. In za ku miƙa aiki, ku ba mai shi cikakken fayil na WAV, da MP3 mai nauyin 320 don yaɗawa, da kiɗan zalla ba murya saboda ranar da zai hau dandali. Idan kuma ta WhatsApp za ku aika, ku tura shi a matsayin takarda, ku kuma gargaɗe shi kada ya kai wa gidan rediyo kwafin da ya zaga wayoyi, ya kai wanda ya fito daga hannunku.